Garin da Ba a Yanka Tantabaru

Asabarin da ke ƙofar ɗakin Malam sabo ne. Lado ya lura da shi yana wucewa da akwatin ƙarfe a ka, bai ko tsaya ba, don mata sun riga sun cika tsakar gida ana ta yi masa barka da zuwa. Ɗakin nan ba mai kwana a cikinsa tun ranar da mahaifinsa, Malam Dauda, ya ɗauki sanda da gora ya bi ayarin masu zuwa Makka a ƙasa. Lokacin ƙanwarsa Jummai tana goye. Yanzu Jummai har ta yaye nata ɗan, amma duk kaka sai mahaifiyarsu, Inna Baraka, ta sa an saƙa wa ɗakin sabon asabari, ta share shi, ta kaɗe yanar gizo.

Lado kuku ne. Wani Bature ɗan Italiya da ya zo aikin gada a hanyar Rano, wanda leburori suka laƙaba wa Mai Gada, shi ya ɗauke shi aiki. Da lokacin hutunsa ya yi, sai ya ce Lado ya raka shi ƙasarsu, wai cikinsa ya saba da hannunsa. Suka shiga jirgin ƙasa daga Kano zuwa Ikko, daga nan suka hau jirgin ruwa. An yi shuka ba ya nan, an yi noma ba ya nan, sai ga shi a Tarai ana yankan dawa.

Ya ajiye akwatin, ya je ƙofar ɗakin Inna ya durƙusa. Shi ne ɗanta na fari, ita kuwa irin matan da ce, masu riƙe alkunya da gaske. Tun da ta haife shi ba ta taɓa kama sunansa ba, ba ta kallon tsabar idonsa, magana ma sai ta bi ta bakin wani. Ya gaishe ta, ta amsa tana duban bango. Sannan ta ɗaga murya.

“Jummai, ki ba baƙon nan ruwa. Ki tambaye shi ko can ba su da wanzamai ne, ya dawo mana da suma kamar bamaguje.”

Jummai ta kwashe da dariya ta ce, “Yaya, ka ji.”

Ya ce, “Na ji. Ki ce mata akwai su, tsoron askarsu na yi.”

Kashegari da la’asar, bayan an raba tsaraba, ya fito da wani gwangwanin biskit. A ciki hotuna suke. Tun da safe ya zauna ya tace su. Akwai na wani gari, Firanze, inda aka sassaƙa mutane da farin dutse aka tsayar da su a kan hanya ba ko bante. Waɗannan da wasu kaɗan ya mayar ƙasan akwati, ya danne da bargo. Sauran ya kawo tsakar gida, aka shimfiɗa tabarma a gindin tsamiya, matan maƙwabta suka kewaye shi.

Ya ba su labarin yadda Mai Gada yake hutu. Mutum ya ce ya gaji, ya zo gida ya huta, amma bai yi kwana uku a ɗaki ɗaya ba. Daga wannan tsohon gari sai wancan, da akwatin ɗaukar hoto rataye a wuya, Lado na biye da jaka. Duk ginin da suka isa sai ya sa Lado ya saka farar riga da jar hula ya tsaya a gindinsa, wai don a gane girman ginin. “Tsaya nan. Matsa baya. Kar ka motsa.” Yara su taru suna kallonsa, shi yana kallon gini, Mai Gada yana kallon su duka ta cikin akwati.

Hoton farko na wata hasumiya ne a garin Fiza, doguwa, zagayayya, ta karkace kamar rumbun da gara ta ci wa ƙafa ɗaya.

Maijidda, maƙwabciyarsu, ƙawar Inna tun suna amare, ita ta fara karɓa. Mace ce mai baki, in tana wuri ba a jin muryar kowa. Ta karkata kai, ta karkata hoton, ta ce, “Mai ɗaukar ne ya sha wani abu.”

“Wallahi Iya, haka take. Dubi ni ai a miƙe nake.”

“Kuma ka tsaya a ƙarƙashinta? Uwarka na nan tana jiran ka, kai kana can kana neman gini ya danne ka?”

“Ta fi kakan kakana tsufa, ba ta faɗi ba.”

“To ranarta ce ba ta zo ba. Su maginan garin duk sun mutu ne da ba za a tokare ta ba?”

Aka yi dariya. Ya miƙa na birnin Rum: wani ƙaton gini zagayayye mai ƙofofi jere bisa jere kamar saƙar zuma, rabinsa ya zube, ba rufi. Ya ce mutane daga ƙasashe masu nisa suke zuwa don su gan shi.

Jummai ta ce, “Wa ke ciki?”

“Ba kowa. Sai kyanwoyi.”

“Kufai ke nan.”

“Kufai ne.”

Matan suka dubi juna. Wata ta ce, “Mu nan kufai kewaye shi ake yi ana addu’a, su kuma takanas suke zuwa. Ba su da aljanu ne?”

Lado ya ce shi dai ya karanta abin da ya sawwaƙa kafin ya shiga.

Sai aka zo kan hotunan Banaziya, garin da ruwa ne hanyoyinsa, inda in za ka je gaida maƙwabci sai ka hau kwalekwale. Wannan ma an yi ta gardama, wata ta ce ambaliya ce aka yi ya tarar. Daga ƙarshe ya fito da wanda ya fi so. Wani fili ne shimfiɗe da dutse, gefe da gefe ginshiƙai a jere, can gaba babban gini mai ƙubbobi. A tsakiya ga Lado ya buɗe hannuwa, tantabaru sun rufe shi, biyu a kafaɗa, ɗaya a kan hula, ƙasa kuwa ba wurin sa ƙafa.

Maijidda ta duba. Dariyar da ke fuskarta ta ɗauke. Ta dafe ƙirji.

“La’ilaha illallahu! Tantabarun Harami!”

Nan take tabarma ta rikice. Wa bai taɓa ji ba? Duk wanda ya dawo daga Makka abin da yake faɗa ke nan: tantabaru kamar ƙasa, suna sauka a kan mutane, ba mai korarsu, ba mai yanka su. Ga ƙubba, ga ginshiƙai, ga fili. Wata ta rangaɗa guɗa.

Lado ya ce, “A’a, ku tsaya! Ba Makka ba ce. Ɗakin ibadar Nasara ne wancan.”

“Nasara da ƙubba?” in ji Maijidda. “Kai yaro, in kunya kake ji don da kafiri ka je, Allah ai ba ruwansa da wanda ya biya maka jirgi. Alhaji Lado!”

Ya yi ta rantsuwa, suna ta dariya suna shafa hoton suna shafawa a fuska. Duk wannan abin Inna tana gefe tana tsince wake, ba ta taɓa ko ɗaya ba. Sai da hayaniya ta lafa Jummai ta ɗora mata hoton tantabarun a cinya. Ta goge hannu a zane, ta ɗauka. Lado yana kallon ta ta wutsiyar ido. Ya ga ta sa babban yatsa ta rufe tsakiyar hoton, daidai inda yake tsaye. Ko a takarda ba za ta kalli ɗan fari a gaban mutane ba. Sai idonta ya bi gefe-gefe, yana kallon abin da ba wanda ya kula da shi.

A can kusurwar hagu, bayan tantabaru, akwai wani mutum ya ba da baya yana tafiya. Doguwar riga ce mai duhu a jikinsa har idon sawu, ya ɗaure ƙugu da igiya, takalmin fata a ƙafa, wani ƙyalle ya zubo masa a wuya kamar rawanin da ya kwance. Kafaɗarsa ta hagu ta fi ta dama sauka. Malam Dauda ma haka yake tafiya, tun faɗowar da ya yi daga kan rumbu yana saurayi.

Inna ta ƙura wa mutumin ido. Can ta ce, “Jummai, tambaye shi. A garin nan ana yanka tantabaru?”

Lado ya ce, “Ba a yankawa.”

“Ko da mutum yana jin yunwa?”

“Ko taɓa su ka yi sai ɗan sanda ya yi maka magana. Hatsi ma ake watsa musu.”

Ta ce, “To.”

Ta ɗaga bakin zane ta naɗe hoton, ta tashi ta shige ɗaki, ta bar waken a nan.

Da farko Lado bai ɗauki abin da zafi ba. Abin da ya gani shi ne Inna ta sake. Tana tashi da wuri, tana daka tana ɗan waƙa ƙasa-ƙasa, abin da bai taɓa ji ba tun yana yaro. Ta sa aka yi mata kitso. Tuwonsa kuwa har da man shanu kullum. Ya ce a ransa, in wannan takarda ce ta kawo haka, a bar ta da ita, me ya rage shi?

Sai ya ga an fara soya gyaɗa da yawa, an daka yaji an ɗura a gora, an kai takalmanta wurin baduku. Awakinta uku aka kora gidan Jummai. Ran nan Jummai ta same shi a zaure yana gyaran fitila, ta zauna ba ta yi sallama ba.

“Yaya, Inna tafiya za ta yi.”

“Ina?”

“Gabas. Ayarin Madugu Alu zai tashi daga Kibiya ranar kasuwa ta sama. Iya Maijidda da mijinta suna ciki, sun ce za su riƙe ta. Ta ce Baba yana raye, ta gan shi da idonta. Ta ce ƙila kuɗin dawowa ne ya gagare shi, ko kunya yake ji, za ta je ta taho da shi.”

Lado ya ajiye fitilar. Ya tashi suka shiga tare. Inna tana bakin murhu. Ya tsaya daga nesa ya ce wa Jummai ta gaya mata, don girman Allah, garin nan ba Makka ba ne, sunansa Banaziya, yana ƙasar Mai Gada, kuma ba a zuwa can a ƙasa.

Inna ta gyara itace ta ce, “Tambaye shi, yana jin yarensu?”

“Kaɗan. Na kicin.”

“To wa ya gaya masa sunan garin?”

“Mai Gada.”

“Bature ya kai yaro wuri, ya faɗa masa sunan da ya ga dama. Da zai ce masa ga Ɗakin Allah nan, je ka ka bar ni da girki? Tambaye shi, sun ƙetare ruwan gishiri ko ba su ƙetare ba?”

“Mun ƙetare.”

“Masu zuwa Makka me suke ƙetarewa?”

Ta ɗaga murfin tukunya ta duba, ta mayar. Muryarta ba faɗa a ciki da ta ce, “Ni na san bayan mutumin da na bi shekara da shekaru zuwa gona. Ki ce masa na gode. Bai san abin da ya kawo mini ba.”

Wannan godiyar ita ta fi komai yi masa nauyi.

Da gari ya waye ya ɗauki hanyar Kibiya. A duk yankin mutum ɗaya ne ya je Makka da ƙafarsa ya dawo da ƙafarsa, Alhaji Ishiyaku, wani tsoho mai sayar da kanwa. Lado ya same shi a rumfarsa, ya kwashe labari ya gaya masa, ya roƙe shi ya zo ya duba hoton ya faɗa wa Inna gaskiya, don maganarsa ce kaɗai za ta ji. Tsohon ya yarda. Aka ɗora shi a jaki, Lado na ja, suka iso Tarai kafin azahar.

Inna ta yi murna da zuwansa. Ta shimfiɗa masa buzun Malam, ta dama fura da kanta. Bayan an gaisa ta kwance bakin zane, ta miƙa masa hoton da hannu biyu. Ta durƙusa a gefe, ta ɗora hannuwa a gwiwa, fuskarta kamar ta yarinyar da ta kai allo a duba mata.

Alhaji ya kai hoton kusa da ido, ya nisanta shi. Ya dubi ƙubbobin, ya dubi ginshiƙan. Lado ya ga ya gane tun kallon farko. Sai tsohon ya ɗaga kai ya dubi Inna, ya daɗe.

Ya ce, “Tantabaru kam, haka suke.”

Inna ta ce, “Alhamdu lillahi.”

“Sauran kuwa, Baraka, idanun nan sun tafi. Sai dishi-dishi.”

Ya mayar mata, ya sha furarsa, ya yi addu’a, ya nemi sandarsa. Suna fita bayan gari Lado ya tsayar da jakin.

“Baba Alhaji, ba haka muka yi da kai ba.”

“Ba haka muka yi ba.”

“Ka san ba can ba ne.”

“Ko kusa. Harami ba haka yake ba.” Ya dubi karan dawa da aka tara. “Ka ji, ɗana. Hanyar nan na san ta. Matan da suka fi uwarka ƙarfi na taya binnewa tsakanin Wadai da Fashir, wasu ko itacen da za a sa alama babu. In ta tafi, ba na jin za ta ga ruwan gishirin ma. Da wannan na zo a bakina. Amma ka ga yadda ta durƙusa? Na buɗe baki ya ƙi. Na tsufa da karya irin wannan abu.”

“To wa zai gaya mata?”

“Wa ya kawo takardar gidan?”

Lado ya ja jakin, suka kama hanyar Kibiya.

Lado ya dawo ya shiga ɗakinsa, ya jawo akwatin ƙarfe, ya ɗaga bargo. A cikin hotunan da ya ɓoye akwai wanda ba na mutanen dutse ba ne. A wannan filin aka ɗauke shi, a wannan ranar. Mai Gada ne ya hango mai doguwar rigar, abin ya ba shi dariya, wai ga mutum biyu masu dogayen riguna, ya kira shi ya tsayar da shi kusa da Lado. Ga shi nan ya fuskanto: Bature ne, tsoho, mai farin gemu da sanƙo, igiyar nan a ƙugu, kafaɗar nan a sauke. A ƙirjinsa gicciye na itace. Hannunsa kuma cikin hannun Lado, su biyun suna murmushi.

Ya nuna wa Jummai. Ta ja da baya kamar ta ga kunama.

“Yaya! Ka san abin da za a ce in aka ga wannan? Za a ce ka shiga addininsu. Yau ana ce maka Alhaji, gobe ba mai bin ka sahu. Iya Maijidda kaɗai ta gani, Rano ta ji.”

“Na sani. Shi ya sa na ɓoye.”

“To mayar da shi. Mu nemi wata dabara. Mu ce Madugu ya ƙi tsofaffi.”

“Ta bi na baɗi. Ko ta bi bayansu ita kaɗai. Kin san ta.”

Jummai ta sake duban hoton. Can ta ce ita dai ba za ta iya kai wannan saƙon ba, bakinta ba zai ɗauka ba.

Ana gobe ayari zai tashi, da hantsi, Jummai ta ɗauki tulu ta tafi rijiya da gangan. Lado ya je ƙofar ɗakin Inna ya durƙusa. Ƙunshin kayanta yana nan a bakin ƙofa, an ɗaure tam, da gora a sama. Tana zaune a tabarma tana ɗinke wata ’yar jaka.

Ya yi sallama. Ta amsa, ta ce, “Jummai!”

“Ta tafi rijiya, Inna. Ni ne. Yau da ke zan yi magana.”

Allurar ta tsaya. Ba ta ce ya shigo ba, ba ta ce ya tafi ba. Ya matsa da gwiwa, ya ajiye hoton a bakin tabarma, ya tura shi gabanta.

“Ki fito da na wurinki ki haɗa. Ki dubi igiyar. Ki dubi kafaɗar. Shi ne mutumin, Inna. Na gan shi ta gaba, na riƙe hannunsa. Malamin Nasara ne. Ba Baba ba ne.”

Ta daɗe kafin ta kwance bakin zane. Ta jera su biyu a tabarma. Wannan karon ba yadda za ta rufe tsakiya, don mutumin yana manne da ɗanta. Ta dubi na farko, ta dubi na biyu, ta koma na farko. Ta sa yatsa ta bi igiyar, ta bi kafaɗar, ta sauka har takalman. Lado yana jin kaji suna tono a bayan ɗaki. Ya so ta yi kuka, ko ta zage shi, ko ta ce ƙarya ne. Ba ta yi ko ɗaya ba.

Da ta yi magana, bango ta fuskanta, kamar kullum.

“Mutumin kirki ne?”

“Na kirki ne. Bayan an ɗauki hoton azahar ta yi, ina ta waige-waige. Shi ya gane abin da nake nema. Ya kai ni wata rijiya a bayan gini na yi alwala, ya nuna mini lungu, ya tsaya ya tare yara har na sallame.”

“Ya san sallah ke nan.”

“Ya san mai neman wurin yin ta.”

Ta gyaɗa kai a hankali. “Allah ya saka masa.” Yatsanta ya gusa daga kan tsohon, ya tsaya a kan farar rigar da ke kusa da shi. Ta kai hoton kusa da fuska, ta ƙura masa ido yadda Lado bai taɓa ganin ta kalle shi ba. “Baƙon nan ya rame a can. Duk girkin da yake yi musu, ba sa rage masa?”

Ya ce, “Sanyi ne, Inna.”

Ta haɗa hotunan biyu ta kife su a tabarma, ta ɗauki allurarta. Ya jira ko za ta ce wani abu game da tafiya. Ba ta ce ba. Ya tashi ya fita. Har la’asar ƙunshin yana nan a ɗaure a bakin ƙofa, har magariba. Ba ta fito ta ci tuwo ba. Jummai ta tambaye shi da ido, ya girgiza kai, don shi ma bai sani ba.

Da ya dawo daga masallaci da asuba ya zauna a zaure, ya kasa shiga. In ta fito da kaya a ka, ya riga ya yanke shawara zai karɓa ya bi ta, aikin Mai Gada ya tafi. Gari ya yi haske. Sai ya ji sautin taɓarya daga cikin gida, a hankali, ba waƙa.

Ya leƙa. Inna ce a bakin turmi, ta ɗaure ƙugu, tana dakan jiƙaƙƙen gero. Jummai tana durƙushe kusa da ita da ƙwaryar zuma, idanunta jawur. Gumba ake yi. Gidan da ba suna, ba biki, in aka ga gumba da sassafe kowa ya san ta mece ce. Shekara da shekaru ’yan’uwan Malam suna roƙonta ta bari a yi masa sadaka, tana cewa ba a dakan gumbar mai rai.

Ba ta ɗago ba ta ce, “Jummai, ki ce wa baƙon nan ya je ya gaya wa Liman da baffanninku. In an yi hantsi a taru a yi wa Malam addu’a.”

Kafin ya amsa sai ga muryar Maijidda tun daga waje. “Baraka! Rana tana yi! Madugu ba ya jiran mai kitso, in kin tsaya shafa ne mu tafi mu bar ki!” Ta ratsa zaure da kaya a ka, sanda a hannu, ta wuce Lado kamar iska, ta faɗa tsakar gida.

Nan ta tsaya. Ta dubi turmin, ta dubi ƙwaryar zuma. Ta dubi ƙunshin da ke bakin ƙofa, an kwance shi, gyaɗa da yaji an jere a ƙasa. Inna ta ci gaba da daka, taɓarya na hawa tana sauka. Maijidda ta buɗe baki, ta waiwayo ta dubi Lado, ta rufe. Sannan ta sa hannu ta gyara gammonta, ta juya a hankali, ta bi ta zaure ta fita.